Ranar da Na Musanta Ɗan Cikina

Ko da tsufa zai kwashe min tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai ɗana na fari asibiti ba. Ya shekara biyu bai fara tafiya ba, sai jan gindi. Likita ya ce sai an riƙa yi masa gashi da motsa ƙafafu, kuma inshorar lafiyar maigidana za ta biya, amma ga 'ya'yan cikinsa kawai.

Daga Ƙauran Namoda muka shiga motar mata zalla (lokacin Shari'a na da zafinta), ni da surukata Inna. Ita ta goya shi. Ni kuwa, tarbiyyar Zurmi, kunyar ɗan fari ta hana ni ko kallonsa a gabanta. Ga shi sunan surukina aka sa masa, ban taɓa furta shi ba.

Ma'aikaciyar inshora ta dube ni ta tambaya ko ɗana ne. Na sunkuyar da kai na ce ɗan Inna ne. Ta tambayi sunansa, na ce “Wannan.” (Ni fa a zuciyata har yaba wa kaina nake, na fita kunya.) Sai matar ta ce to ƙanin mai inshora ko ɗan riƙo ba ya ciki, mu matsa mai bi mana ta zo.

Na ga yaron nan zai koma gida yana jan gindi saboda ladabina.

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. “Ke, in ba ke kih haihe shi ba, ni nih haihe shi da tsuhwan ga nau?”

Janaretan asibitin na ta ruri, dole na ɗaga murya. Daidai na buɗe baki ya mutu.

“Ɗana na! Ni nih haihe shi! Sunanai Usumanu!”

Har ɓangaren maza sai da aka waiwayo. Wani tsoho ya ce Allah ya raya. Na so ƙasa ta tsage in shige, Inna kuwa dariya har da hawaye, ita da na kira sunan mijinta gatsau.

An yi masa gashin, ya taka. Yanzu in na ce masa “Kai wannan,” Inna sai ta tambaya ko a kashe janareta.

Tun ranar na gane kunya ado ce, amma ba ta miƙar da ƙafar yaro.