Ranar da Na Ƙi Amsa Sallamar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama ɗan fim ba, kuma daga ita ban ƙara ba.

Nasiru, ƙanen abokina, ya dawo Garwa daga karatu a Yawunde da kyamarar aro, wai zai yi fim a kan wani mutum da kaɗaici ya dama, ba mai kula shi. Ya ce fuskata ta dace. (Na ji daɗi a lokacin, sai daga baya na zauna na auna maganar.)

Aikina ba wuya: in zauna a ƙofar shagon ɗinkina a Jambutu, in ci tuwo ni kaɗai, kada in ɗaga kai. Shi kuma ya laɓe da kyamara a tsallaken titi. To amma a unguwarmu wa zai ci abinci, mutum ya gifta, bai yi masa tayi ba? Mai moto ya wuce a kan babur ɗinsa, na ce "Bismillah." Wani Bafulatani ya ce "Jam na?" na amsa har da tambayar lafiyar shanu. Kwano biyu aka cinye mana, domin wasu zama suka yi da gaske.

Nasiru ya tsallako kamar zai yi kuka. "Yaya, don Allah! Gobe zan mayar da kyamarar nan. Ko gwamna ne ya yi sallama, kada ka amsa."

Na yi alkawari. Na sunkuyar da kai, na sa hannu a kwano na uku. Sai na ji keke ya tsaya, an yi sallama. Na saci kallo. Alhaji ne, mahaifin matata, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Ya sake sallama. Na ci gaba da kai loma, kunya ta sa hawaye na zubo mini. Ya yi ta uku, ya jima a tsaye, sannan ya hau kekensa.

"Kupe!" in ji Nasiru da Faransanci, wato a tsaya haka, yana tsalle. "Yaya, ina ka samo hawayen nan? Fim ya haɗu!"

Ko hannu ban wanke ba na ruga gidan Alhaji in ba da haƙuri. Ashe ba fushi ya yi ba, tausayina ya ji. Na tarar har ya aika an kira matata, tana durƙushe, yana faɗa: "Hajara, me kika yi wa yaron nan da zai koma cin tuwo a titi yana kuka?"

Na durƙusa kusa da ita na yi bayani. Ya dube ni ya ce, "To, a fim ɗin ba a amsa sallama ne?"

Shi dai ya yafe a take. Hajara kuwa kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Don haka in za ka yi wasan kaɗaici, ka fara sanar da surukinka, in ba haka ba ka ɗanɗana na gaske.