Rasuwar Mai-Ido, Na'urar Rarraba Kaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Autan gidan waya yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai-Ido, na'urar da ke rarraba kaya a ɗakin baya. Dominta aka ɗauke shi aiki, yana goge mata ido yana ɗora mata kaya a bel ɗin da ke jan su. Da ƙarfin wannan aikin ne ya iya tsayawa gaban iyayen wadda yake so.

Marigayiyar ba ta taɓa jiran intanet ba, a cikin cikinta take duk tunaninta. Ko sabis ya ɗauke gari ya tsaya cik, ita tana bakin aiki. Ta haddace adireshin mutanenmu, irin su "gida mai jan ƙofa bayan famfo", alhali famfon an cire shi tun Auta yana rarrafe. Sai ta ce "ƙit", kaya ya kama hanyarsa. Idan rubutu ya gagare ta kuwa, "tii-tii", a hankali, kamar mai neman afuwa. Auta ya sha littattafan soyayya, bai ci karo da mai riƙon amana irinta ba.

Ajali ya zo mata a kwali. An rubuta "littattafai" a jikinsa, ashe galan ne na zuma, mai aikowa ya ɓoye don kada a ƙi karɓa. Ya fashe a gefenta, zuma ta bi ta ramukan shan iskarta. Zazzaɓi ya rufe ta, ta fara sambatu, kayan asibiti ta tura su kasuwa. Mai gyara ya buɗe cikinta, sannan ya ce duk abin da ta sani ya tafi da ita, babu kwafi ko'ina.

Ta bar bel a tsaye, da firinta mai tari, da direbobi masu zagi, da tulin kaya har rufi. Ta bar Auta, wanda manaja ya daina haɗa ido da shi.

Za a sallace ta da sukundireba gobe bayan azahar, 'yan gwangwan su ɗauke ta a kura. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin baya, amma a tsaye, don manaja ya ce a haɗa wa 'yan gwangwan da kujerar mai jinyarta, wato Auta.