Ƙwaryar da Gwanki Ya Ture

A wani daji mai yawan zuma, ana auna darajar ɗan majalisa ne da faɗin tumbinsa. Idan aka ce wa wani "ka yi kyau", ana nufin wuyansa ya ɓace. Gwanki ya yi kyau ƙwarai. Tun da ya shiga majalisa bai ƙara taka ƙafa zuwa rafi ba, sai dai a kawo masa ruwa har inda yake kishingiɗe.

Ana nan sai ƙishirwa ta fara damunsa dare da rana. Ƙaya ta soke shi a ƙafar baya, ciwon ya ƙi warkewa. Likita Zalɓe ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ciwon sukari ne, ga hawan jini. Zan ba ka magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba. Ka bar zuma, ka rage ci, in ciwon ya kame ka riƙa takawa kullum. In ba haka ba, ƙafar nan yanke ta za a yi."

To, al'adar dajin ita ce ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma dole marar lafiya ya ci abin da aka kawo a gaban mai kawowa, in ya ƙi ya raina shi. Da wannan ƙauna aka binne manya da yawa.

Ladidi matar Gwanki ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo da ƙwaryar zuma ko fura, sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce maigidan yana barci. Shi kuwa yana ciki idonsa biyu, yana tauna zogale yana jin ƙamshi yana wucewa. Da ciwon ya kame, ta riƙa tashinsa da sassafe su tafi rafi mai nisa.

"Ladidi," in ji shi yana haki, "wai ke matata ce ko gandiroba?"

"Kira ni duk abin da ka ga dama, Malam, amma kana yi kana tafiya."

Kafin damina ta fita, ƙafa ta warke, wuya ya bayyana. Nan fa daji ya ɗauka. Aka ce Ladidi ba ta iya girki ba, aka ce rowa ce, aka ce gado take hange. Ta ji duka, ta ci gaba da tsare ƙofarta.

Majalisa ta kira su. Dila, wanda ya fi kowa iya magana a kan lafiyar jama'a, ya miƙe da kyar ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, 'yan'uwa masu girma, ramar ɗan majalisa ramar majalisa ce. In talakawa suka ga haƙarƙarin Gwanki, cewa za su yi ba a samun komai a nan, su daina girmama mu. Ga zuma daga rumbun majalisa. In ya sha, mun tabbatar horon yunwa ake masa, sai matar ta koma gidansu mu ci gaba da kula da shi. In ya ƙi, ya raina abincin majalisa, sai ya sauka daga kujera."

Toron Giwa, shugaba, ya dubi Ladidi ko tana da magana.

"Ba ni da ita, ranka ya daɗe," in ji ta. "Baki nasa ne, ƙafa ma tasa ce."

Aka ajiye ƙwaryar a gaban Gwanki. Ya daɗe yana kallonta, don zumar mai kyau ce, kuma shi ba waliyyi ba ne. Sannan ya ce, "Na gode wa majalisa. Kowannenku ya kawo mini abin da yake so ya ci da kansa, wannan kuwa ba ƙaramar kara ba ce. Amma a dajin nan duka, mutum ɗaya ce ta yarda a zage ta saboda ni. Ni ma na zage ta, a hanyar rafi, ta ce in ƙara sauri. Da ƙafafu huɗu na shigo nan, ranka ya daɗe, kuma ɗaya daga ciki ita ta ba ni." Ya sa kofato ya ture ƙwaryar a hankali, don kada ta zube a yi asara.

Aka sauke shi nan take, ba tare da ko ɗaya ya ƙi ba.

A hanyar gida ya ce, "Ladidi, Allah ya saka miki da alheri. Ban taɓa faɗa ba."

"Amin," in ji ta. "Amma ba gida muka nufa ba. Yau ba ka je rafi ba."

Ya bi ta, yana gunaguni, yana murmushi.

Kujerar kuwa Dorina aka ba, ta cika ta fam. Majalisa ta yaba da ita matuƙa, musamman a jawabin ta'aziyyarta.