Gadon Iya da Tantin Baffa

Ku matso ku ji abin da ya faru a gidanmu, kuma don Allah kar wadda ta katse ni, don in aka katse ni sai na koma farko, ni kuwa na tsani komawa farko.

Kakata wadda ta haifi Babanmu, Iya muke ce mata. A ɗakinta akwai gadon ƙasa. Na san wasunku ba su taɓa gani ba, to gini ne na laka kamar dakali, sai dai ya fi faɗi, an bar masa rami a ciki da 'yar ƙofa daga gefe. In sanyi ya shigo sai a kwaso garwashi daga murhu a zuba, kafin ki gama cin tuwo gadon ya ɗau ɗumi, ki shimfiɗa tabarma da bargo ki miƙe abinki. Kun dai san sanyin Funtuwa, ba ya jin magiya. Ni da zarar ya fara nake kwashe littattafaina in tare a ɗakin Iya. A kan gadon nan karatu ya zauna min. Bara war haka in aka ce in karanta layi ɗaya sai na yi ta in'ina kamar mai tauna tsakuwa, yanzu kuwa ko kwalin magani na gani sai na karance shi tas. Iya ta ce na zama masifa, ko buhun shinkafa ba ya wucewa ta gabana lafiya.

To akwai ƙanin Babanmu, Baffa Lurwanu, shi ne autan Iya. A Kanada yake, aikin kwamfuta yake yi. Ba ɓata shi zan yi ba, mutumin kirki ne, shi ya sa aka yi wa gidanmu gyara, aka canja kwano, aka manna tayil har banɗaki. Matsalarsa ɗaya, in ya ga abu bai yi kama da na can ba, sai ya ji kamar ana masa susa a inda ba ya ƙaiƙayi.

Da ya zo gida da damina, ya shiga ɗakin Iya gaisuwa, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon gadon.

"Iya, har yanzu wannan abin yana nan?"

Ta ce, "Ina zai je, Auta? Ƙafa gare shi?"

"A wannan zamanin a ce mutum yana kwana da wuta a ɗaki? Ai wannan ƙauyanci ne. Ga hayaƙi, ga tari. Ni in abokaina suka gani ina zan sa kaina?"

"A kansa na yi jegonka," in ji Iya. "Ban ga inda ka tauye ba."

Ya yi dariya, muka ɗauka magana ta wuce. Ashe ba ta wuce ba. Yana komawa ya sa aka kawo katifa mai tsayi kamar katanga, da wata hita mai amfani da lantarki. Wutar unguwarmu kuwa irin baƙon nan ce mai gaisawa daga zaure ya juya. Hita dai ta zama wurin shanya ɗankwalin Iya, katifa kuma tana jingine da bango a cikin ledarta, ko zama ba a taɓa yi a kai ba.

Da sanyi ya kankama, Baffa ya bugo wa Baba waya ya ji Iya ta yi tari sau ɗaya daga nesa. Sau ɗaya fa, kuma wallahi yaji ne ya sarƙe ta, ina wurin. Shi ke nan ya ce a kira birkila a rushe gadon, a manna tayil, a kwantar da katifa. Baba ba ya son musu, ya ce to.

Iya ma ba ta hana ba. Da na dame ta da tambaya sai ta ce, ita ba za ta buɗe baki ta ƙi alherin ɗanta ba, mutane su ce tsohuwa ba ta da godiya. Amma ta daina tsokanata. Ko "uwar azarɓaɓi" da take kirana ta daina. Na shiga na same ta tana shafa bakin gadon da tafin hannu, kamar yadda ake shafa tunkiyar da za a kai kasuwa. Na je na sami Baba, ban ma gama magana ba ya ce, "Rumasa'u, wannan maganar manya ce." Kullum maganar manya ce, amma in aika ce ta yara ce.

Ranar da za a yi aikin, Malam Ɗanlami birkila ya iso bayan azahar da guduma da shebur da baro. Allah ya taimake mu mutum ne mai nawa. Sai da ya gaisa da kowa har kaji, ya sha kunu, ya nemi ƙari, ya ba Baba labarin wani gini da ya yi a Bakori wanda ba wanda ya tambaye shi. Aka fitar da kayan Iya tsakar gida. Ita kuma ta zauna a kujerar tsugunno bakin ƙofa tana jan carbi, ba ta kallon kowa.

Ni na kasa zama na kasa tsayuwa. Na ɗauki wayar Mama don in ba hannuna aiki, na shiga Watsaf ina ta dannawa ba tare da na san abin da nake nema ba. Sai ga hotunan da Baffa ya ɗora.

Na farko, ko'ina fari fat, dusar ƙanƙara har gwiwa, bishiyoyi sun yi cirko-cirko, ba gida ba titi. A tsakiya ga wani tanti na tamfal, daga samansa wani bututu ya fito yana fidda hayaƙi. Na biyu, cikin tantin ne. Ga murhun ƙarfe kamar akwati, wuta ta yi jajir a ciki, ga faskare an jera a gefe. Kusa da murhun, kusa fa, kamar zai rungume shi, ga Baffana kwance an naɗe shi a wata jakar barci kamar alala a leda, hanci kawai ya bari a waje. A ƙasa ya yi rubutu da Turanci.

Na karanta sau ɗaya. Na sake don kar in yi wa bawan Allah ƙarya. Na ukun a guje na karanta shi, har takalmina ɗaya ya tsaya a hanya.

Na tarar Malam Ɗanlami ya tofa yawu a hannu ya ɗaga guduma.

"Malam Ɗanlami, kar ka buga."

Ya tsaya da guduma a sama yana kallon Baba. Baba ya ce, "Ke kuma lafiya?"

Ban kula ba, na kai wa Iya wayar. Ta miƙar da hannu can nesa, ta ƙanƙance ido.

"Wannan wane ɗan gudun hijira ne?"

"Baffa ne, Iya."

Carbi ya faɗi. "Auta? Korarsa aka yi daga gidan haya?"

"Ba korarsa aka yi ba. Bari in karanta miki abin da ya rubuta. Cewa ya yi, babu barcin da ya kai na gefen wutar itace daɗi."

Iya ta dube ni ta gefen ido. "Kin tabbata ba gishiri kika ƙara ba? Na san bakinki."

Na miƙa wa Baba wayar. Ya karanta, ya yi gyaran murya, ya ce, "Haka ya rubuta." Daga nan ya ɗaga kai yana duban kwanon ɗaki kamar yau ya fara ganinsa.

Iya ta ɗauki carbinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta miƙe. Rabon da in ga ta miƙe da sauri haka tun ranar da akuya ta shiga mata cikin daddawa.

"Kira min shi. Irin kiran nan da ake ganin mutum."

Mu nan la'asar ta kusa, su can safiya ce. Baffa ya ɗauka da fara'arsa, da wata hula mai kunnuwa, hanci ya yi ja, in ya yi magana tururi na fita daga bakinsa kamar tukunyar dambu. Bai san me ake ciki ba, har juya wayar yake yana nuna mana daji.

Iya ta sanyaya murya, irin muryar da take yi in za ta kama ni da satar ƙuli-ƙuli.

"Auta, ina kwana ko ina wuni, ban san wanne kuke ciki ba. Gidan naka fa?"

"Yana nan lafiya, Iya. Hutu muka fito da abokaina."

"Gidan nan da ka ce ko'ina ɗumi, har banɗaki?"

"Shi fa."

"Ka kulle shi ka taho nan?"

"E, shaƙatawa ce. Nan haka ake yi."

"Wa ya aike ka?"

Ya yi dariya. "Ba kowa, Iya. Ai sai da muka yi rububi kafin mu sami wurin."

"Ikon Allah. To wancan jan abin da ke bayanka fa?"

"Murhu ne. Ba don shi ba ai da mun daskare."

"A cikin ɗakin?"

"A cikin tantin, e."

"Da shi ka kwana?"

Ni kuma hannuna ya gaji, sai wayar ta karkata kaɗan. Ba da gangan ba. To, da gangan. Sai ga Malam Ɗanlami a cikin hoto, tsaye kan gadon Iya da guduma a kafaɗa, har yana ɗaga hannu yana cewa, "Sannu da hutawa, Alhaji."

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Baffa. Jan hancin nan ya bazu har kumatu.

"Iya, wannan daban ne."

"Wutar ce daban? Ta Turawa ba ta ƙuna?"

"Ba haka ba ne. Nawa na zamani ne, yana da bututu. Hayaƙin waje yake fita."

Iya ta waiwaya. "Ɗanlami, ka iya bututu?"

"Har na gidan burodi na yi, Hajiya. Akwai wani da na yi a Bakori..."

"Bar mu da Bakori. To ka ji, Auta. Bututu za a sa. Gudumar nan bango za ta huda. Gado kuwa, ko gefensa aka ɓantare, ni da mai gudumar ne."

Malam Ɗanlami ya sauko daga kan gadon a hankali, ya jingine guduma can nesa. Baba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, wai shi tari yake.

Baffa ya yi ta sosa hularsa. Can ya fashe da dariya ya ce ya yarda, a sa bututu, a buɗe taga, katifar kuma a ba Rumasa'u. Na ce na gode, amma a raina na ce ta jira zafi.

Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma kun san Baffa, ba ya son a tashi magana ba shi ne a sama ba. Sai ya gyara zama kusa da murhunsa, ya jefa faskare ɗaya a ciki, ya ce, "Amma fa Iya, duk da haka ba za ki gane abin nan ba sai kin gwada. Yini guda muka yi a mota. Muka ja kaya a kan ƙanƙara har bayana ya riƙe. Da hannuna na yi faskare, kin ga tafina ya yi kanta. Amma in kika kwanta, a waje iska na kuka, ke kuma bayanki na shan ɗumi, kina jin itace na ƙas-ƙas, ƙamshinsa na shiga hancinki, sai ki ji duk duniya babu mai kwanciyar hankalinki. Wallahi tunda na zo ƙasar nan, jiya ne na ji zuwana ya yi rana."

Iya ta saurare shi har ya dire. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta taka ta je ta zauna a kan gadonta, ta ɗan bubbuga wurin da ke gefenta da tafin hannu.

"Allah sarki, Auta. Ashe abin da ka haye teku kana nema ke nan? Ai da ka yi magana, da na matsa maka."