Yadda Za Ki Yi Mako Guda a Gindin Murhun Ƙanwar Mijinki

Ke da dusar ƙanƙara ta toshe wa ƙofa, iska ta kayar da turakun wuta, gidanki ya koma firiza, matso ki ji. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ki tabbaci za ki fito daga ɗaukewar wutar nan da kumatu, da labarin kowane gida a ƙauye, ba ki ƙona ko tsinken itacenki ba. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na ga hunturu saba'in da shida a Kebek ta ƙasar Kanada, na kuma ga abin da maƙwabciyarmu Fernande ta yi a Janairun bana. Ita ce malamarmu a darasin nan, ko da yake ba ta san an rubuta ba.

1. Leƙa taga, ki nemi hayaƙi

Kada ki ɓata lokacin kiran kamfanin wuta. Wata murya ce za ta ce miki suna sane. Goge gilashin tagarki da hannun riga, ki bi rufin maƙwabta da ido. Duk inda hayaƙi ke tashi akwai murhun ƙarfe, akwai itace, akwai tukunya a kai. Masu gidan zamani da suka cire nasu murhun wai yana ɓata falo, bar su su ji ɗumin labulensu.

Hayaƙin da Fernande ta hango daga gidan Solange yake fitowa, tsallaken titi. Solange ƙanwar marigayi mijinta Rosaire ce, kuma shekara biyu ke nan ba sa ga maciji. Ranar jana'izarsa ne Fernande ta ɗanɗana miyar waken da Solange ta kawo, ta tambayi ta kusa da ita ko gishiri ya yi tsada a kanti. Tun daga ranar Fernande take cin abinci ita kaɗai, ita da rediyo.

2. Kada ki je hannu rabbana

Tsiyaye ruwan famfunan gidanki kada bututu ya fashe, sannan ki buɗe firiza ki kwaso nama. Kowa ya san in kin ajiye shi a baranda zai kai Afrilu yana nan kamar dutse. Yau dai ke ba ki san haka ba. Ke abin da kika sani, nama zai lalace, kuma ɓarna ba kyau.

Fernande ta ɗaura kaji biyu da cinyar naman dawa a kan faifan robar da jikoki ke sulu da shi, ta ja ta tsallaka, ƙanƙara har gwiwa. Solange ta buɗe ƙofa, ta fara gaisawa da naman da ido, sannan ta ɗago.

"Shigo, matar yaya, kina sako mana sanyi. Amma ki ji da kyau, ranar da wuta ta dawo kowa ya kama gabansa. Nan ba otal ba ne."

"Ni ma kajin nake tausayi," in ji Fernande.

3. Kama kujera tun ranar farko

A kowane gida akwai kujera mai lilo a gefen murhu, kuma ta maigida ce. Yi tari sau biyu, ki dafa ƙugu, ki ce sanyin nan ƙashi yake nema. In an ce zauna, kada ki yi kawaici, kawaici na masu wuta ne. Duk lokacin da za ki tashi, bar saƙarki a kai, alluran suna kallon sama. Ban taɓa ganin namijin da ya yi gardama da allura ba. Aurèle, mijin Solange, shekara talatin yana kan kujerar nan. Kafin la'asar ya koma kan akwatin itace, yana cewa ai ya fi gyara masa baya.

4. Zaɓi aikin da ake yi a zaune

Aiki zai yi yawa. Injin rijiya da wuta yake tashi, don haka sai an ɗebo ƙanƙara a bokiti an narkar kafin a kora bayi. Ga faskare, ga share ƙofa. Duk waɗannan a waje suke, ba naki ba ne. Ke ki riƙe ludayi. Mai juya miya ba ta nisa da wuta, kuma ɗanɗano yana cikin aikinta.

Sai dai ki kama bakinki. Fernande ta sha miyar waken Solange kwano biyu, ta ce ta yi daɗi, muryarta kamar ana cire mata haƙori. Ɗan gishirin da ta ƙulle a aljihun rigarta kuwa, wannan tsakaninta da kwanonta ne.

5. Ki ba da labari da cokali

Ba talabijin, waya ta mutu, mutane sun gaji da fuskar juna. Nan ne darajarki take. Kada ki juye buhun duka a yini ɗaya. Faɗi rabi, ki ce sauran ba na faɗa ba ne, ki ci gaba da saƙa.

In labari ya ƙare miki, koma taga. Ƙanƙara ba ta iya riƙe sirri. Sawun takalmi zai nuna miki wanda ya fita daga wane gida ya shiga wane, da girman ƙafarsa. Fernande ce ta gano cewa mai motar kwashe ƙanƙara yana share ƙofar malamar makaranta sau uku a yini, alhali ƙofar coci ko sau ɗaya bai taɓa ba.

Ni ma a gidan na fake, kuma kafin zuwanta mu uku ne, karta kuwa sai da huɗu. A kwana na uku Solange ta yi dariya har ta ƙware. A na huɗu suka shiga hirar Rosaire, yadda yake ɓoye kati a ƙarƙashin cinya yana rantsuwa da kabarin uwarsu. Solange ta goge ido ta ce hayaƙi ne. Fernande ta ce lallai itacen ɗanye ne.

6. In wuta ta dawo gidanki, ba ki gani ba

Wani lokaci ɓangaren titi ɗaya kan samu kafin ɗayan, don ba layinsu guda ba. Safiyar kwana na biyar Fernande ta tsallaka duba bututu, tana buɗe ƙofa ta ji firji yana gurnani. Gida ya fara ɗumi. Rediyo yana ta surutu shi kaɗai a kan tebur, gaban kujera ɗaya.

Ta daɗe a tsaye da rigar sanyinta. Sannan ta bi ɗaki ɗaki ta kashe komai, ta ja labule, ta kulle. Da ta dawo aka tambaye ta, ta ce gidan nan ko gawa ba za ta yarda ta kwana a ciki ba. Haka ake yi. Kada ki ƙara bayani, yawan bayani ke kama mutum.

7. Tuna da abin da ke kunna kansa

Nan ne malamarmu ta faɗi jarrabawa. Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya fara, muna tsakiyar karta, sai muka ga fuskar Aurèle ta yi ja, ta yi kore, ta sake yin ja. Shi ne ke fuskantar taga.

Fitilun Kirsimeti ne. Rosaire ya zagaye rufin gidan da su shekaru da suka wuce, ya haɗa su da wata 'yar na'ura mai kunna su da zarar rana ta faɗi, kuma tun rasuwarsa ba wanda ya hau ya sauke. Titi duka baƙi ƙirin, gidan Fernande kaɗai yana walƙiya kamar gidan biki, ga barewar roba a tsakar fili tana ta gyaɗa mana kai.

Fernande ta kife katinta, ta jawo jaka, ta fara naɗe saƙarta a hankali. Ta ce dama tana shirin faɗa, mantuwa ce irin ta tsufa. Ta miƙe tana neman takalmi.

Solange ba ta kalle ta ba. Fitilun yayanta take kallo. Can ta ce wa Aurèle ya sa takalminsa, ta raɗa masa wani abu a bakin ƙofa. Muka ga tocilarsa tana tsallaka titi, ya sunkuya a gindin baranda. Ɗif, gidan ya koma duhu, barewa ta tsaya da kanta a sunkuye. Ya dawo yana kakkaɓe hula.

"Kun gani ko," in ji Solange, "har sun sake ɗaukewa. Mutanen nan ba su iya aiki ba. Zauna, matar yaya, ke ce za ki raba."

Fernande ta zauna. Garin rabawa ta ba ni kati ɗaya fiye da ƙa'ida, ni kuwa ban ga dalilin mayarwa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya. In bututunki ya fashe, ko kika ƙone siket a jikin murhu, ko kika dawo riga ta ƙi shiga, ke kika kai kanki. In kuma taki ƙanwar mijin ta ga fitilu ta miƙo miki takalminki, kada ki ƙwanƙwasa mini. Ba ni da murhu, kuma daga la'asar ba na gida, muna can gidan Solange mu huɗu, muna karta.