Ciyawar La'asar

"Lafiya lau na wuni, sai ganinka da ya ɓata mini yammaci."

Ladi ke nan, taubashiyar Arzika, ta dawo daga bakin ruwa a Ngaski da damin ciyawa a ka, ta biyo ta gidansa. Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa Altine, gidan ya yi shiru har ba daɗin shiga. Tunkiya ɗaya ta bar masa, ita ma ga ta nan haƙarƙari a waje, ta ƙi ko sunsunar abin da ya zuba mata. Wallahi ni kaina sun ba ni tausayi.

"Ke da kifi ke nutsewa in ya hango fuskarki," in ji Arzika. "Mi ya kawo ki?"

"Gaisuwar mutuwar tunkiya. Na ce in yi tun da wuri, kafin ka ƙarasa ta."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Takaba take yi. Kewar Altine ta hana ta ci."

"Tunkiya da takaba? Tsufa ya shigo, hankali ya yi ƙaura. Yaushe kake yankan ciyawar ga?"

"Da asuba mana. Da sanyin safiya ake kama fara."

"Fara anka ce, ba ciyawa ba! Ciyawar asuba lami ce kamar hirarka, dare ya shanye zaƙinta. Sai rana ta wuni tana dukanta zaƙi ke taruwa a kara. Tauna taka mu gani."

Ya tauna, ya tofar. Ta sauke daminta, ta zaro kara ɗaya ta miƙa masa. Ya tauna, ya sake taunawa.

"Sukari kika barbaɗa, mayya."

"Tambayi mai takabar."

Tunkiyar kuwa tuni ta kafa kai cikin damin Ladi, ba ko ɗagowa. Arzika ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla.

"Shekara arba'in Altine na fita da lauje bayan la'asar, ni ko ina ce mata gulma ke kai ta wurinki."

"Gulmar ma muna yi. Taka."

"Kin ci ni." Ya shiga ɗaki ya fito da busasshen kifi, ya aza mata a hannu. "Gobe in za ki yanka, ki biyo ta nan."

"In goya ka zuwa bakin ruwa?"

"Ki dai shigo da bakin nan naki. Tun da ta tafi ba wanda ya zage ni cikin gidan ga."