Layin Dogo a Garken Lantana

"...To ya ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara, alhamdu lillahi."

"Ya ƙafar maigida Malam Jibrin?"

"Da sauƙi, har ya tahi Mafara tun da sahe."

"Madalla. Ya labarin ɗiyarki Bushra can Dosara? Ya mai jego da jinjiri? Ya bisashe, ya..."

A nan gaisuwar Balarabe ta yanke. Yana tsugune ne a tsakar gidan taubashiyarsa Lantana, 'yar kawunsa, a Morai. Abin da ya kawo shi bai wuce abin da ke kawo shi duk Litinin ba: ya ci kwaɗon zogalenta, ya kushe shi, ya wuce. Da ya ambaci bisashe sai ya waiga wajen garke. Wata jar akuya na kwance tana tuƙa a gindin turke, kuma turken ba na icce ba ne. Na ƙarfe ne, kansa shafe da jan fenti.

Balarabe ya san turken nan kamar yunwar cikinsa. Bara waccan, ana gab da zaɓe, masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, suka ratsa gonakin Morai suna kafa irinsa, aka ce layin dogo zai bi ta nan, jirgin ƙasa ya riƙa kwasar albasa da shinkafa zuwa birni. Mai unguwa ya nemi wanda zai riƙa duba turakun, Balarabe ya miƙe tun ba a rufe baki ba. Tun daga ranar ake kiransa Sarkin Dogo, har rumfa ya kafa a bakin titi, inda shi da kansa ya yanke cewa nan tasha za ta zauna. Bayan zaɓe aka ce kuɗin aikin sun yi kaɗan. Daga baya aka ce suna nan, sai dai manyan Bakura na jan layin ya karkato wajensu, na Maradun ma na ja, abin da aka ware kuwa ba zai ishi kowa ba sai waje ɗaya. To gobe Talata wani kwamiti zai zo ya ga inda aka fi shiri. Jiya-jiyan nan Balarabe ya dafa ƙirji gaban mai unguwa da kansila ya ce turakun Morai ko ɗaya bai gusa ba. Kansila ya ce ya yi kyau, don in aka tarar da akasin haka za a ce Morai ba ta son jirgi a ba maƙwabta, kuma kowa ya san wuyan wa za a kama.

"Lantana, mi nika gani haka?"

"Akuya. Na san ba ka saba ba, gidanku ba a kiwon komi sai surutu."

"Ba akuyar ba. Abin da anka ɗaure ta gare shi."

"Turke. Bawan gidanmu, yau kuma da makanta ka tashi?"

Da yake ita 'yar namiji ce shi kuwa ɗan mace, tun suna wasan ƙasa take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa amsawa ba ko sau ɗaya. Ya miƙe ya taka zuwa garken. Kowace akuya da nata jan kan, tumaki ma haka. Ƙofar akurki da shi aka tokare ta. Igiyar shanya ma, da zannuwan Lantana a kanta, a jikin layin dogo take ɗaure.

Lantana ba ta ko daina tsinke ganyen da ke cikin farantinta ba. Ta ba shi labari kamar mai ba da labarin farashin gishiri. Gara ce ta cinye mata turakun icce kakaf, ragonta ya tsinke ya shiga waken maƙwabta, har sai da aka yi ban haƙuri. Washegari ta je gona ta ga ƙarfe tsaye tsakiyar geronta, ba ya noma, ba ya haihuwa, ba ya ko inuwa. Ta girgiza shi, ya fito.

"Kayan gwamnati na, Lantana."

"Gwamnati ta shuka cikin gonata, ni na girbe. Ka taɓa ganin an shuka gonar mutum an hana shi girbi?"

"Jirgi za ya bi ta kansu."

"Tun Bushra na da cikin fari anka ce jirgi na tahe. Yanzu yaron na korar kaji, ga ƙanenai an raɗa ma suna. Wanga jirgi da rarrafe ya taso?"

"Aikin gwamnati ba a yi mai gaggawa."

"Dokin mai baki ya hi gudu. A bakinka dai jirgin ya kai Sakkwato ya dawo, har ka sai da shayi ga fasinjoji. Ni guntun gatarina ya hi sari ka ba ni."

Ya ce to ta tattara masa su yanzu-yanzu, tun kafin kowa ya gani. Ta dube shi da tausayin da ake duban maraya, ta ce kowa ai ya gani, don kowa na da nasa. Da matan unguwa suka ga gara ta ci tura a gidan Lantana, sai kowacce ta tuna ita ma layin dogo ya bi ta gonar mijinta. Adama mai ƙuli har da shi take daka dusa idan taɓarya ta ɓace.

Balarabe ya laluba ya zauna a kan turmi.

"Tashi man bisa turmi, ba a zama nan. Ko so kake ka ƙara lalacewa?"

Ya tashi ya koma kan bulo. "Amma kullum ina dubawa. Kullum na hito rumfa sai na gan su tsaye."

"Biyun nan na bakin titi? Su munka bar maka don kada ka rasa aikin yi."

Wannan ta shige shi har ƙashi. Gaskiya ce, tun da aka naɗa shi bai taɓa keta raɓa ya shiga gonakin ba. Daga kan bencinsa yake hango guda biyun nan, ya gyara hula, ya ce wa duk mai wucewa layi na nan lafiya. Ya nemi abin da zai rama da shi, ya ce wallahi ƙara zai kai ta wajen mai unguwa. Ta yi dariya har sai da ta ajiye faranti. Ta ce ya hanzarta kafin mai unguwa ya shiga cin abinci, don a tarihin Morai ba a taɓa jin taubashi ya kai ƙarar taubashi ba, za a so a taru a kalla. Kuma in an zauna, tambayar farko ba ita za a yi wa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ya ce shi ba ladan da ya ci, hula ɗaya ce kansila ya ba shi. Ta ce to hular ce ladan, kuma ga ranar askin ta zo.

"Ki dai ce man duk suna cikin garin nan."

"Kusan duka."

"Mi an nuhi da kusan?"

"Ragon sunan jinjirin Bushra ba ya yarda da wani turke sai nashi. Da shi anka sa shi mota."

"Zuwa Dosara. Ƙasar Maradun."

"Ai nan take aure, ko ka manta? Kai ka ci kazar bikin."

"Shi ke nan ko da saura?"

"Sai wanda ya bi akuyar da na ba surukata kiwo."

"Wace surukar?"

"Ta Bakura."

Balarabe ya cire hular kansila ya ɗora a gwiwa. Ya ce manyan Bakura sun yi ta sintiri, sun ƙone mai, sun yi taro sun sake taro don su karkatar da layin nan ba su iya ba, na Maradun ma haka. Ga mace ɗaya da awakinta ta raba musu shi har gida, ba tare da an yi mata ko rigar yaƙin zaɓe ba.

"To ka ga adalci. Kowa ya samu rabonai, abin da ya gagari gwamnati."

Bai yi dariya ba. Wani abu ne ya faɗo masa wanda ya fi duk na baya nauyi. Ko da an tara turakun a gabansa yanzu, ina zai mayar da su? Damina biyu ta wuce a kan ramukan, an yi noma, an yi huɗa. Masu awo sun tafi da na'urarsu. Gobe za a jera motoci a bakin titi, a ce Sarkin Dogo ya shige gaba ya nuna layi, shi kuwa ya tsaya yana kallon gero. Ba kunyarsa kaɗai ba, garin ne za a ce ya yi wasa da rabonsa, kuma har jikokinsa za a riƙa nunawa a ce ga gidan da aka kori jirgi. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa, ba zagi a ciki ko kaɗan.

Lantana ta dube shi ta ga zufa na bin gemunsa alhali gari a lulluɓe yake da hadari. Ta karkaɗe zane ta ce ya biyo ta. Ta kai shi bayan ɗaki inda danga ta yi ƙasa, ta ce ya miƙe wuya ya duba gonaki, in makantar ta sake shi.

Ya duba. Sama da kan gero, itatuwan zogale ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, miƙe sak kamar an ja zare, tun daga gonarta har inda ido ya gaza.

Ta ce ai ita ba mahaukaciya ba ce da za ta bar rami buɗe a gona jaki ya karya ƙafa. Ranar da ta zare na farko ta soka reshen zogale a gurbinsa. Duk matar da ta zo neman shawara kuwa, sharaɗin ke nan: ki cire ƙarfe, ki dasa reshe, ga reshen ma kyauta.

"Kina nuhin... kowane icce, gurbin turke na?"

"Ka ɗauka kwaɗon da kake lashe kwano duk Litinin daga sama yake zubowa? Layin dogon kake ci, Sarkin Dogo. Ka cinye ya kai daga nan zuwa Garbadu, kana cewa gishiri bai ji ba."

Ya saki danga ya juyo gare ta. Ya ce ta taimaka ta zagaya da shi gidajen matan, don shi in ya je shi kaɗai Adama da turken za ta rako shi. Ta ce abin da taubashi ya kama ba ya fita sai da fansa, kuma fansarta ba ta da tsada, kalma ce. Ya ce wace kalma. Ta ce ya sani. Ya dubi zogale, ya dubi jar akuya, ya dubi ƙofa ko wani na shigowa.

"Ni bawanki na."

"Ban ji ba, kunnen ya tsuhwa."

"Na ce ni bawanki na, uwar awaki, Allah ya sa gara ta koma ma gadonki."

Da ya ambaci gado sai ta ce ya tuna mata. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙafafu biyu na tsohon gadon ƙarfenta na aure, ta jefa masa a gaba. Ta ce ya nemi jan fenti ya shafa musu a kai, su tsaya a madadin na Dosara da na Bakura, ba mai babbar riga da zai keta laka ya je ƙirga su. Awaki kuwa, tunda za a raba su da turakunsu, sai a kai su rumfarsa a kewaye su da zana. In kwamiti ya zo ya ga tasha har ta cika da fasinjoji, ya san Morai ta shirya.

A nan ne dariyar ta ƙwace wa Balarabe. Ya yi ta har ya dafa bango, har jar akuya ta tashi tsaye tana kallonsa. Da ta lafa ya share ido da hular kansila, ya durƙusa ya fara kwance igiyar daga turke na farko.

"Kada ki ɓatar da igiyoyin nan. Laraba da sahe ni da kaina zan maido miki da turakunki."

"To jirgin hwa, Sarkin Dogo?"

Ya miƙa hannu ya jawo kwanon kwaɗon da ta ajiye masa gabansa.

"In ya zo, ya bi zogale."